Taɓaryar Inna daga kan tudu

Garinmu yana cikin kwari ne a bayan Dogo-Dogo, duk mai zuwa sai ya hau wani tudun rairayi kafin ya gangara. Daga kan tudun ana hango gidanmu, da gawon da ke ƙofarsa, inda Inna take kafa turminta. Tun ina yarinya akwai abin da yake damuna. In na tsaya can da tulu a ka, sai in ga taɓarya ta sauka cikin turmi shiru, har ta fara tashi, sannan ƙarar ta iso. Na tambayi Inna dalili, ta ce kunnena ne yake da nawa, kamar mai shi.

Sai da na shiga kwaleji a Magariya mushenmu, wato malaminmu na kimiyya, ya wanke ni daga wannan zargi. Ya ce haske nan take yake isa ido, sauti kuwa a hankali yake ratso iska, yana bazuwa kamar zoben da ruwan tafki yake yi in an jefa tsakuwa, shi ya sa yake makara. Ya ƙara da cewa haske a miƙe yake tafiya, danga ma ta isa ta tare shi, amma sauti yana zagaye ta ya wuce. Da aka yi hutu na kawo wa Inna bayanin da zafinsa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ashe gwamnati tara mu ta yi don a koya mana cewa daka tana da ƙara, sannan ta miƙo mini taɓarya.

Dakan Inna ba ya ɓuya. Takan yi 'yan bugu, sai ta ƙwanƙwasa kan taɓaryar a bakin turmi don ta kakkaɓe gari, ƙwas, ta ci gaba. Daga nesa ido ba ya kama wannan ɗan motsi, kunne ne yake kama shi. Baba ko yana can ƙarshen gona, da ya ji sai ya ce fura tana hanya. Ni kuma na girma, na yi aure a Magariya, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, amma ban taɓa zuwa gida ban tsaya a kan tudun nan na saurara ba.

Shekarar da zan ba da labarinta ina da ƙaramin ciki, bayan ɓarin da na yi a baya wanda ya kusa tafiya da ni. Wata ranar Laraba da hantsi wana ya kira ni a salula, ya ce jikin Inna ya ɗan matsa, in na samu hali in leƙo. Na ce ya ba ta mu gaisa. Ya ce barci take. Na ce ya kai salular kusa da ita in ji ko numfashinta ne, sai ya ce rezo ba kyau, layin yana yankewa, ya kashe.

Na san mutanenmu. Ba sa faɗin mutuwa a waya, balle ga mai ciki. Sai su ce jiki ya matsa. Matsalar ita ce in jikin ya matsa da gaske ma haka suke faɗa, don haka ba ni da abin kamawa. Na tsare maigidana da tambaya, ya rantse mini cewa abin da aka gaya mini shi aka gaya masa, yana rantsuwar yana ɗaure jakar da ya riga ya ɗaure. Raina ya ɓaci, na ƙi yi masa magana har muka shiga mota a tasha. A hanya ba abin da nake roƙon Allah sai in iske ta da rai, ko da ba za ta gane ni ba.

A Dogo-Dogo muka hau amalanken jaki, don maigidana ya ce babur zai jijjiga ni. Rana ta take, ƙarfen gefen amalanken ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Da muka kai kan tudu na ce a tsaya. Maigidana ya ce mu ƙarasa, na ce sai dai su ƙarasa su bar ni. Na sauka.

A gindin gawo na hango mace tsaye gaban turmi, doguwa, da shuɗiyar atamfar da na saya wa Inna da ƙaramar salla. Ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga taɓarya, ta sauke. Ƙarar ba ta iso ba tukuna. A cikin wannan ɗan tsakani, wanda bai fi numfashi ba, na gama warkar da ita. Na ga kaina ina yi wa wana faɗa don ya tayar mini da hankali a banza, har na shirya abin da zan ce mata a kan mara lafiyar da ba ta iya zama.

Bugun farko ya iso, na biyu ya biyo shi. Na kasa kunne ina jiran ƙwas ɗin nan. Matar tana ta daka, bai zo ba. Sai kuma daga cikin gida, bayan dangar da ta tare mini gani, wani turmin ya amsa, wani ma ya amsa, har suka yi yawa. Ba kaka ba ce, ba biki a gidanmu. A garinmu mata ba sa taruwa su jera turame haka da rana tsaka sai in gumbar sadaka ake dakawa. Sai a lokacin na tuna atamfar turmi ɗaya na saya, aka raba ta tsakanin Inna da ƙanwarta, wadda muke kira Iya.

Na juya na dubi maigidana. Ya cire hula yana murza ta.

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Shekaranjiya. Gobe sadakar uku."

Na daɗe ina fushi da su, shi da wana, kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa. Sun ce don cikin suka yi, kuma Allah ya sauke ni lafiya, 'yar tana nan da doguwar ƙafar kakarta. Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma an wanke uwata an kai ta ina can Magariya ina shanya wanki.

Ranar ban koma kan amalanken ba, da ƙafa na gangara. Iya ta gan ni ta saki taɓarya, ta rungume ni tana kuka, atamfar tana ƙanshin gero jiƙaƙƙe. Da ta sake ni na ɗauki taɓaryar, don ba a barin gumba rabin daka. Na yi 'yan bugu, na ƙwanƙwasa bakin turmin ban ma sani ba. Cikin gida turame suka tsaya cak.