Ranar da aka sa wa ɗorawata inji

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Sabon Garin Wudil, ni da matar ɗana, saboda saƙon da ya iso mini daga Lajawa, wai za a sa wa ɗorawata inji. Ɗorawar nan gadon uwata ce. Gonar ta ƙanina ce, itacen nawa, da kalwarsa nake daddawa. To, wane inji? Na niƙa? Na ban ruwa? Mai saƙon ma bai sani ba.

Mun samu a-kori-kura da ta sauke awaki za ta koma ƙauye. An ce tunda soja sun koma bariki za a gyara hanya. Ni dai hotunan 'yan siyasa na gani manne a jikin darbejiya, ramuka kuwa suna nan inda na san su. Kuɗin mota ya ƙaru, ƙosan bakin tasha ya ƙanƙance.

Tun daga nesa muka ji ƙara kamar babur ya shaƙe. Na tarar an ja layi a ƙasa, mutane sun tsaya can baya. Wani mutum ya tuɓe babbar riga, ya sa takalmi mai nauyi da tabarau, ya toshe kunnuwa, yana riƙe da zarto mai inji da hannu biyu. Na yi sallama, shiru. Na ɗaga murya, ko waiwaye.

Zan tsallake layin ke nan ƙanina ya riƙe mini mayafi.

"Yaya, kada ki je masa ta baya. Ba ya jin ki. In ya juyo a firgice, da abin zai juyo."

"Kai ka ba shi itacena?"

"Reshe ɗaya ne, wanda iska ta tsaga ya sunkuyo kan hanyar rijiya."

Aikin mai injin ya ɗaure mini kai. Ya tsaya a gefen reshen, ya ɗan yanka ta ƙasa, ya bari, ya koma ta sama. Na ce wannan bai san inda ya dosa ba. Ashe wai don kada reshen ya yage ɓawon itacen in zai faɗi. Reshen ya faɗi rim, har na ji a ƙafata. Sai da mutumin ya kashe inji ya ajiye, ya zare abin kunne, sannan ya durƙusa ya gaishe ni, har da ya gajiyar hanya. Faɗan da na ɗauko tun daga Wudil na rasa wanda zan sauke wa.

Mun ci dambu da zogale a gidan ƙanina, ban sakar masa fuska ba. Da la'asar muka dawo gida lafiya.

Na dai koyi cewa mai magana da mai inji ya yi ta kafin a tayar, in ya tashi sai kallo daga bayan layi. Ɗorawata tana nan tsaye, amma reshen nan shi ya fi kowanne 'ya'ya. Ko gyara aka yi mini ko ɓarna, sai na ga kalwar bana.