Ƙaryar da na yi wa Ɗanlami

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanena Ɗanlami, maƙerin da ke zuba tukwanen alminiyam a bayan Kasuwar Muda Lawal. Tari ne ya ci ƙarfinsa, bayan shekarun da ya yi yana shaƙar hayaƙin gawayi. Duk shekara addu'a nake masa in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Ni ne ɗan bokon gidanmu, har na yi ritaya Turanci nake koyarwa a sakandare. Ɗanlami bai gama firamare ba, amma hannunsa ya fi bakina amfani. Idan wani ƙarfe ya karye a injin markaɗe, sai ya sassaƙa kamanninsa da itace, ya danna a yashi, ya zuba narkakken alminiyam a gurbin. Sassaƙar ce ke cinye masa kwanaki, kuma sau da yawa awon ya kuskure.

Kamar shekara biyu kafin rasuwarsa, Emeka, mai sayar da kayan inji kusa da rumfarsa, ya nuna masa wani bidiyo a waya. Wata na'ura ce ke ɗora narkakkiyar roba layi bisa layi, har abu ya tashi cikakke. Firintar 3D ake ce mata. Nan take Ɗanlami ya gane za ta raba shi da sassaƙa. Sai ya tsiri zuwa gidana a Inkil bayan la'asar, ya miƙo wayar ya ce, "Yaya, fassara mini abin da Baturen nan ke faɗa."

Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce, ban gane ba. Mutumin yana magana da sauri, ta hanci, da kalmomin da ban taɓa karo da su a littafi ba. Ni kuwa Malam ne, unguwa guda ke kawo mini wasiƙa in karanta. Ina ni ina cewa ban sani ba a gaban ƙanena? Kwana uku ina kame-kame. A na huɗu na ce masa Baturen ya ce wannan ilimi na masu digirin injiniya ne, wanda bai yi jami'a ba kada ya wahalar da kansa.

Ɗanlami ya karɓi wayar daga hannuna. Ya ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Bai sake kawo maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa. An ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in bai gamu da irina ba.

Yau da zai ɗaga kai, da ya ga abin da zai sa shi dariya da kuka. 'Yar Emeka ta ajiye irin na'urar a shagonta a GRA, tana koya wa teloli da kafintoci, da Hausar da ta iya. Masu gyaran waya suna tura wa juna darussa cikin muryar Hausa. Wasu a waya suke zana abin da suke so, su aika a fitar musu. Ban ji an tambayi kowa takardar makaranta ba. Na san halinsa, da shi ne zai riga kowa zuwa, ya ishi malamar da tambaya.

Watan jiya Emeka ya tare ni a kasuwa. Ya ce sun yi ta kiran Nura, babban ɗan marigayin da ya gaji rumfar, ya zo shagon 'yarsa ya koya, ya ƙi. Na je rumfar na sami Nura yana sassaƙa itace, yana irin tarin ubansa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Baffa, ai Baba ya faɗa mana, wannan ba na irinmu ba ne."

Magana zarar bunu ce. Tawa ta fita, ta bi Ɗanlami kabari, ta dawo ta zauna a bakin ɗansa a matsayin wasiyya. Na zauna a kan benci na faɗa masa komai, kunya kamar ta kashe ni. Bai yi fushi ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ajiye wuƙar ya ce, "To Baffa, me Baturen ya ce a gaskiya?"

Na ce, "Ban sani ba, Nura."

Tukwanen Ɗanlami suna nan a gidajen biki, injinan da ya gyara suna ta markaɗe. Amma abin da ya fi daɗewa a bayansa shi ne yardar da ya yi da ni, wadda ya bar wa 'ya'yansa ba tare da ya san abin da ke cikinta ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini. Har yau Nura bai je GRA ba, ni kuma ba ni da bakin da zan ce masa ya je.