Ƙullin Kayan Ɗan Fari

Bayan na daina tuƙa tasi, wata darakta Ba'amurkiya ta ɗauke ni in riƙa gyara wa 'yan wasanta Hausa. Wani littafi take mayarwa fim, labarin wata uwa a unguwar Bronx ta Amurka da ɗanta na fari ya iso daga Maraɗi bayan doguwar rabuwa.

A littafin, shafi shida aka yi cikin zuciyar uwar tana tsaye tana jiran ɗan a filin jirgin sama na JFK. Kyamara kuwa ba ta shiga zuciya, sai daraktar ta ce uwar ta ruga ta rungume shi tana kiran sunansa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ɗan fari? A gaban jama'a? Ko sunansa kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba!"

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "To ta yaya mai kallo zai gane tana son sa?"

Ni ma ɗan fari ne. Sai na tuna ranar da zan bar gida. Inna ba ta dube ni ba, ta dai kwance ƙullin kayana ta sake ɗaurewa har sau uku.

Na ba daraktar labarin, haka kuma aka ɗauka: uwar ta kau da kai, ta sa masa rigar sanyi, tana ta gyara masa wuyanta, kyamara na kan hannunta kawai.

Da aka nuna mini, waje na fita. Shekara talatin ina zaton ɗaurina Inna ta raina.