Alamar da Wayar Kawu Ta Haɗiye

Jiya da safe ina shan koko a Funtua, Kawu Sule ya kira ni daga gonarsa ta Ƙarfi.

"Nasiru, bayanin nan naku ya ce a zuba gwangwanin maganin ciyawa a famfon feshi. Na zuba guda cur, amma jikina bai ba ni ba."

Ni na rubuta bayanin a manhajar ƙungiyarmu, wadda ke tura wa manoma saƙo, kuma na san rabin gwangwanin madara ake zubawa. Sai dai ban rubuta "rabi" ba. 'Yar alamar nan ta ½ na sa, wai ta fi kyau a kwamfuta. Ashe ƙananan wayoyi masu madannai haɗiye ta suke yi.

"Kawu, kun fara feshin?"

"Famfon na bayana."

"Don Allah ku sauke shi! Rabi ne. Masarar za ta ƙone!"

Ya ce, "Ni na tambaya. Maƙwabcina Malam Audu fa? Tun asuba ya fita da nasa."

Wayar Malam Audu a kashe. Kawu ya ruga da ƙafa, ya tarar har ya fesa kunya tara.

Jiya ban tashi ba sai da na mayar da kowace alama kalma. Kunya taran nan kuwa, ni na ƙone su daga kan kujera.

Masu rubuta wa manoma bayani, kuna gwada shi a irin wayar da ke aljihunsu kuwa?