Ragowar Leshin Anko

Na bar Kano ne saboda a unguwarmu an gama yanke mini hukunci tun ban iya riƙe almakashi ba. Tafiyata laifi, maganata laifi, har yadda nake ɗaga hannu. Innata kaɗai ke cewa ƙuruciya ce, zan daina. Da na sauka New York na ɗauka na tsira, ashe gulmar gida ta riga ni isowa Bronx, har ta kama haya a unguwar da na sauka, Highbridge.

Ɗinkin mata nake yi a ɗakina, da keke ɗaya a bakin taga. Matan Ghana da na Nijar su ne masu kawo mini aiki. Abu ɗaya nake tsoro, kada wani labarina ya kai kunnen Inna, don a cikinsu babu wadda ba ta da 'yar'uwa a Kano.

Wata bazara wata Hajiya 'yar Kumasi za ta aurar da ɗanta, aka fitar da anko na mata, leshi ruwan goro mai duwatsu. Ƙyallayen da suka rage aka ce in zubar. Ni kuwa na harhaɗa su na ɗinka wa kaina riga mai kama ƙugu, mai faɗin hannu. Ban taɓa yin ɗinkin da ya kai ta kyau ba.

Ranar Asabar na sa ta, na rufe da jaket, sai da na shiga Manhattan na tuɓe jaket ɗin. Ba wanda ya harare ni. Wata tsohuwar Baturiya ma tsayar da ni ta yi tana yaba rigar. Daɗi ya ɗebe ni, na bar jaket a kan benci, na kuma manta ranar ce walimar bikin.

Ina cikin jirgin ƙasa mai lamba huɗu zan koma gida, ƙofa ta buɗe, sai ga matan nan sun shigo, kowacce cikin leshin da ke jikina. Hajiya ta dube ni tun daga wuya har ƙugu.

"Tela, kai ma cikin ƙawayen uwar ango kake?"

"Ragowa ce, Hajiya."

"Okay," ta ce, ta ciro wayarta.

Babu wadda ta daina kawo mini ɗinki, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Hannuna suke so, sauran jikina kuwa abin hira ne.

Ana gab da Sallah Inna ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta tambayi aiki, ta tambayi lafiya, sannan ta ce, "Kayan Sallar da ka ɗinka ka aiko mini na ba da su. Kada ka ƙara wahalar da kanka, akwai tela a nan."

Na ce, "To, Inna."

Ta yi mini addu'ar shiriya, ba ta kira ni ɗana ba, ta kashe wayar.