Usur ɗin Jirgi a Tsakiyar Waƙa

Duk bikin da na ji mata sun kai tsakiyar waƙar rakiyar amaryar nan sun tsaya cak, ɗaya ta ce "Ga shi nan ya dawo!" a rangaɗa guɗa, sai ranar da aka ɗauki waƙar a na'ura ta faɗo mini. Ina wurin, 'ya'yana.

A shekarun 1970, kafin in yi aure, ina aiki a wani shagon faifan waƙa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Mai shagon, Malam Yohanna, ya gayyato injiniya daga Legas don ya ɗauki waƙar matan ma'aikatan jirgi. Maman Saratu, matar direba, ita ta ƙirƙiro ta lokacin auren ƙanwarta. A tef ake ɗauka, a kai Legas a buga faifai. Ni aikina in tsare ƙofa, in kori kaji, in ɗaga hannu a yi tsit.

Sau biyu abin ya lalace, na farko tari, na biyu kukan jaki. Injiniya ya ce batir ya kusa mutuwa, kuma jirgin la'asar zai bi. In wannan bai yi ba, babu faifai. Muka yi addu'a, na ɗaga hannu.

Waƙa ta yi daɗi har na fara hawaye. Sai jirgi ya busa usur daga nesa. To, kowane direba da irin busarsa, kuma matarsa ta san ta. Mata suka yi shiru suna saurare, kamar kullum. Maman Saratu ta manta da na'ura, ta ce, "Ga shi nan ya dawo!" Guɗa ta tashi, suka ci gaba da waƙa.

Malam Yohanna ya dafe kai. "Haba, Maman Saratu! Baban Saratu yau ya fara dawowa?"

Ta durƙusa. "Ka yi haƙuri, Malam. Bakin ne ya riga ni."

Injiniya ya tambaye ni wa ya dawo. Na yi masa bayani. Ya mayar da tef baya ya saurara, ya yi dariya, ya ce a waƙar aure ba zai yanke muryar mace tana murnar mijinta ba. Ya naɗe kayansa, Baban Saratu na saukowa shi yana hawa.

A wannan aiki na koyi cewa na'ura shiru take so, mutane kuwa ba shiru suke saye ba. Faifan ya fito ya bazu, mata suka koyi waƙar yadda suka ji ta a ciki. Yau amaren da ba su taɓa ganin jirgi ba ma sai an tsaya musu a wurin nan na waƙar. Allah ya ji ƙan Maman Saratu.