Ƙaro a Jikin Rediyon Kaka

Tun da idanun kakata suka dushe, yatsunta ne ke nemo mata tasha. Ta manna ɗan ƙaro a jikin abin murɗawar rediyonta. Idan ƙaron ya kalli sama, to ta kama tashar da ke karanta sanarwar rasuwa, inda take jin labarin danginta na Azagor.

Ina lise, wato makarantar sakandare, kawuna ya kawo mata sabon rediyo daga Maraɗi, mai gilashi sumul, sai an shafa yake magana. Kaka ta lalube shi gaba da baya.

"'Yar nan, wannan ta ina ake kama shi?"

Daga nan sai ta riƙa jira in taso daga lakkwal bayan darasi in kunna mata. Wata rana na makara, sanarwar rasuwar ƙawarta ta wuce. A bakin maƙwabta ta ji, bayan sadakar uku. Ba ta yi faɗa ba, amma abin ya dame ni.

Na ɗauko tsohon, na sa masa pil, wato batir. Ta shafa, ta sami ƙaronta, ta murɗa a hankali.

"Je ki karatunki," in ji ta. "Ni da shi mun san juna."